Zaure da Ofis: Inda Abubakar Imam Ya Samo Dabarar Ƙaga Labari

Duk mai ba da tarihin ƙagaggen labarin Hausa daga Zariya yake farawa, amma kusan kullum daga bayan ganuwa. A can ne Hukumar Fassara ta zauna bayan an ɗauko ta daga Kano a farkon shekarun 1930, aka mai da ita Hukumar Talifi, kuma daga can ne Dakta Rupert East ya shirya gasar 1933 wadda ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East kansa. Tarihin daidai ne, sai dai ya bar cikin birni a baya. A unguwanni irin su Limancin Kona, inda gidan limancin da ke cikin masu zaɓen Sarkin Zazzau yake, an daɗe ana karatun nahawu da lugga a zaure tun kafin Bature ya san hanyar Zariya. Ni a ganina dabarar da marubutan farko suka ƙaga labari da ita, musamman Imam, 'yar irin wannan zauren ce. Ofis ya ba su boko da injin ɗab'i da kasuwa, amma yadda ake ɗaukar abin wani a sarrafa shi ya zama naka, da shi suka zo.

East ya rubuta a mujallar Africa a 1936 cewa ya sha wahala kafin ya shawo kan malamai su yarda labarin da ba wa'azi ba ne ya cancanci a ɓata masa tawada, domin a wurinsu tatsuniya ta mata da yara ce. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. Almajirin da ya yi nisa a lugga, ko a Kona ko a Madabo ta Kano ko a Sakkwato, yakan kai ga Maƙamatul Hariri, littafin malamin Basra da ya rasu a 1122. Maƙama hamsin ce, kuma dukkansu ƙagaggu ne. Harisu ɗan Hammamu yana yawon duniya, duk garin da ya sauka sai ya tarar da wani tsoho mai zaƙin baki yana yaudarar jama'a, yau a rigar mai wa'azi, gobe makaho, jibi mai ƙara a gaban alƙali, daga ƙarshe ya gane ashe Abu Zaidi ne. Malam yakan karanta wannan da almajiransa jimla jimla, yana fassarawa da Hausa, ana ƙwaƙulo kalmomi masu wuya. Wato malaman da aka ce ba su san ƙagaggen labari ba sun shekara aru-aru suna koyar da shi. Abin da ba su saba da shi ba shi ne a rubuta irinsa da Hausa, a zube ba a waƙe ba, don nishaɗi kawai.

Wanda ya san Maƙama, in ya buɗe Ruwan Bagaja, nan take zai ga dangantakar, kuma Imam bai ɓoye ta ba a tarihin rayuwarsa. Jaruman littafin, Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, suna ta haɗuwa gari bayan gari kamar Harisu da Abu Zaidi. Amma a dubi abin da marubucin, saurayi ɗan shekara ashirin da biyu, ya yi da wannan tsari. Harisu ɗan kallo ne, yakan yi mamaki, ya yi ɗan faɗa, ya wuce. Alhaji Imam kuwa shi ma gwanin makirci ne, don haka labarin ya koma ramuwar gayya tsakanin tantirai biyu, irin wadda Bahaushe ya saba ji tsakanin Gizo da abokan gabarsa. Hariri ya cika littafinsa da kalmomin da sai an nemi sharhi, domin nufinsa nuna zurfin Larabci. Imam ya juya wannan baki ɗaya, ya yi amfani da Hausar kasuwa da ta fada wadda ɗan elementare zai karanta yana dariya. Sannan ya ɗaure tafiyar da dalili guda, neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, abin da Maƙama ba ta da shi. Wannan aikin tela ne da ya kwance tsohuwar riga ya ɗinka wata da yadinta.

A 1936 aka aro Imam daga Makarantar Midil ta Katsina ya zo Zariya, ya yi kusan wata shida yana rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito a littattafai uku tsakanin 1937 da 1939. East ya tara masa littattafan labaru na Larabawa da Indiya da Turai, kuma masu bincike irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi sun bi sawun labaran zuwa Alfu Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Grimm na Jamus. Har akun da ke tsare ɗan sarki da hira a littafin don kada ya fita yana da kakanni a adabin Indiya da Farisa. A nan ne masu suka ke cewa, to ina ƙirƙirar take, ai wannan satar fasaha ce. Amsar tana cikin zauren. Ishiriniyar da ake rerawa a Maulidi baitocin Alfazazi ne da Ibn Muhibu ya yi wa tahamisi, ya ƙara ɗango uku a kan kowane biyu. Tabban Haƙiƙa ta fito daga Shehu Usmanu da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Manyan malamai sun sha ɗaukar littafin zube na wani su waƙe shi don sauƙin hadda. A wannan al'ada ba a auna gwaninta da cewa ba a taɓa jin abin ba. Ana auna ta ne da yadda aka shigar da sabon hannu cikin tsohon aiki har ba a ganin gaɓa. Da wannan ma'aunin Imam ya yi aiki. Labarin Kalala da Kalalatu da ke cikin Magana Jari Ce ya yi daidai da na wata kuku Bajamushiya da ta cinye kajin baƙon ubangidanta, amma Imam ya mai da su miji da mata, ya ba Kalala halin makwaɗaicin da kowace unguwa ta san irinsa, har mai karatu ba ya jin ƙanshin wata ƙasa.

Wani zai ce ai Imam ba ɗan Kona ba ne, a Kagara aka haife shi a 1911, a Kwalejin Katsina ya yi boko, kuma shi da bakinsa ya ce East ne ya koya masa ƙa'idojin rubutu. Haka ne, kuma ba a raina hannun East. Shi ya nace a kan gajerun jimloli, da daidaita rubutun boko, da rage kalmomin Larabci masu nauyi. Amma Imam ɗan gidan malamai ne, ya yi karatun allo da na littattafai kafin boko, kuma littattafan da ake bi a zauren Kagara su ne na Kona da na Katsina, manhaja ɗaya ce ta game ƙasar Hausa. Hujja mafi ƙarfi ita ce Ruwan Bagaja an rubuta shi a Katsina, shekara uku kafin Imam ya zauna da East a tebur ɗaya, kuma dabarar ta riga ta cika a cikinsa. Yayan Imam Bello Kagara ma, wanda ya zama Walin Katsina, haka ya haɗa yaƙin Turawa da Kwantagora da duniyar aljanun Alfu Laila a Ganɗoki.

Akwai dai suka guda da ba ta da amsa mai sauƙi, kuma ina ganin ya kamata a karɓe ta. Mai tahamisi yakan ambaci mai asalin waƙa, mai sharhi yakan fara da sunan mai matani, domin a zaure isnadi wajibi ne. Magana Jari Ce kuwa ya fito babu bayanin inda kowane labari ya samo asali, yara suka tashi suna zaton duk daga kan mutum ɗaya ya fito. Almajirin Kona da ya san Alfu Laila zai gane labarin Ƙamaruzzaman da zarar ya gan shi a littafin, amma ɗan makarantar boko ba shi da wannan gata. Wannan giɓin ya bi adabin har zuwa shekarun 1990, lokacin da aka riƙa zargin marubutan Kano da kwaso labarai daga finafinan Indiya, ana kafa musu hujja da Imam a matsayin wanda bai ari komai ba. Da an buga littattafansa da isnadinsu tun farko, da muhawarar ta tsaya a kan ko sun iya sarrafa abin da suka aro kamar yadda ya iya.