Tsohon Keken Raleigh: Mu Duba Shi Kafin 'Yan Gwangwan Su Auna Shi



A gidaje da dama nan Kaboji akwai tsohon baƙin keke jingine a bayan rumbu, taya ta mutu, tsatsa ta ci sarƙa. 'Yan gwangwan na zagayawa suna saye a kan kilo. Kafin mu sayar, ya kamata mu san abin da ke hannunmu.

A zamanin En'e, a ƙasar Kontagora kamar sauran Arewa, keke ba abin kowa ba ne. Malamin makaranta, malamin gona, ɗan kasuwa da manomin da kaka ta yi wa kyau, su ake gani a kai, kuma sai an yanka masa lasin. Da shi aka kai amfanin gona kasuwa, aka kai marasa lafiya asibiti. Sunayen da dattawanmu ke ambata su ne Raleigh, Hercules da Phillips, duk daga Ingila. Daga baya ne Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa saboda araha.

Raleigh ya samo sunansa daga wani titi a birnin Nottingham, inda aka fara ƙera shi a 1885, kafin Frank Bowden ya karɓi kamfanin ya bunƙasa shi. Hercules da Phillips kuwa na Birmingham ne, kuma a 1960 suka koma inuwa ɗaya da Raleigh. Kasuwar Najeriya ta yi girman da har aka buɗe masana'antar Raleigh a Kano. A 2002 aka daina haɗa keke a Nottingham, don haka wanda ke bayan rumbunmu ba a ƙara yin irinsa a can.

Ta yaya za mu gane na ainihi? Mu fara duba tambarin da ke gaba, ƙasa da kan keken. Na Raleigh kan zalɓe ne, kuma na Ingila yana ɗauke da sunan Nottingham. Sau da yawa akwai siffar tsuntsun a jikin faifan sarƙa. Sai mu nemi lambar da aka buga a ƙarfen, ƙarƙashin sirdi ko ƙarƙashin inda feda ke juyawa. Daga wajen 1974, lambar da ta fara da harafin N tana nufin Nottingham. In mai giya uku ne na Sturmey-Archer, an buga shekara da wata a cibiyar ƙafar baya: 62 da 7 na nufin Yulin 1962. Amma mu lura, masu gyara kan sauya ƙafa ko sirdi, saboda haka shaida ɗaya ba ta isa ba.

Wajen gyara, gaggawa ce ke ɓata aiki. A ɗauki hotonsa kafin a kwance komai. Notin da ya ƙi motsi a jiƙa shi da kananzir ya kwana, kada a sa masa guduma. A wanke boris a sa sabon giris. Kada a yi saurin fesa fenti, domin tsohon fentin da zanen zinaren da ke jikinsa su ne shaidarsa. Tsumma da ɗan mai sun wadatar. Taya mai inci 28 da robar birki ana samunsu a kasuwa. Sai dai zaren ƙarfen Raleigh ya bambanta da na sauran kekuna, 26 a inci maimakon 24, kuma in aka tilasta masa kayan wani keke zaren zai lalace. A kai shi wurin tsohon mai gyara da ya san shi.

Muna roƙon duk mai irin wannan keke ya sanar da ƙungiya, mu rubuta lambarsa, da wanda ya saye shi, da shekarar, tun dattawan da suka san labarin suna raye. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu riƙe abin da suka bari.