Yadda ake lissafa gada kafin a gina ta

Duk shekara idan damina ta kai watan Agusta, lokacin da ruwan sama ya fi yawa a Jihar Kano, hankalin manoman Rimin Gado da maƙwabtansu kan koma ga gadoji da kwalbatocin da ke haɗa ƙauyukansu da babban titin Kano zuwa Gwarzo. Idan kwalbati ɗaya ta rufta, hatsi ba ya isa kasuwa, mai naƙuda kuma ba ta isa asibiti. Tun a kan takarda ake yanke hukuncin ko gada za ta jure ko za ta faɗi, domin a nan ake yin lissafi uku: na ruwa, na ƙasa da na nauyi.

Lissafin ruwa

Injiniya yakan fara ne da auna faɗin yankin da ke zubo ruwa cikin rafin, ya haɗa da bayanan ruwan sama na shekaru masu yawa, irin waɗanda hukumar NiMet ke tattarawa. Daga nan yake ƙiyasta ambaliyar da gadar za ta fuskanta. Idan aka ce an tsara gada don “ambaliyar shekara 100”, ma'anar ita ce a kowace shekara yiwuwar aukuwarta ɗaya ce cikin ɗari. Idan aka tara wannan na tsawon shekara 50, yiwuwar takan kusa kashi 40 cikin ɗari.

Don sanin saurin ruwa da tsayin da zai kai, har yau ana amfani da ƙa'idar da Robert Manning, injiniyan ƙasar Ailan, ya fitar a ƙarshen ƙarni na 19. Manhajar HEC-RAS, wadda sashen injiniyoyin sojan Amurka ya fitar a 1995 kuma ake samunta kyauta, tana maimaita irin wannan lissafi a wurare da dama na kogi, ta nuna inda ruwa zai tsallake gaɓa.

Lissafin ƙasa

Ruwa mai gudu yana kwashe yashin da ke kewaye da ginshiƙi a hankali har tushensa ya fito fili. Haka ta faru a 1987 a Jihar New York ta Amurka, inda gadar rafin Schoharie ta rufta, mutum 10 suka rasu. A nan gida, gadar Tamburawa da ke kan hanyar Kano zuwa Zariya ta buƙaci gyaran gaggawa daga gwamnatin tarayya bayan zaizaya ta tone ginshiƙanta. Rafukan ƙasar Kano masu yashi ne, kuma ɗibar yashi da tifofi ke yi kusa da gada na ƙara zurfafa ramin. Shi ya sa ake haƙa ramukan gwaji tun da farko, a san zurfin da ƙasa mai ƙarfi take, a kai tushen ginshiƙi ƙasa da inda zaizaya za ta iya kaiwa.

Lissafin nauyi

Gada tana ɗaukar nauyin kanta, da na manyan motoci, da tunkuɗar ruwa, da miƙewa da tsukewar da zafi da sanyi ke jawowa. A 1930 Hardy Cross, malami a Jami'ar Illinois, ya fito da hanyar warware irin wannan lissafi da hannu, mataki bayan mataki. Zuwan kwamfuta ya kawo dabarar da ake dogaro da ita yanzu, wadda Ray Clough na Jami'ar Kalifoniya ya raɗa wa suna a 1960: a gutsuttsura hoton gadar zuwa dubban ƙananan sassa, a rubuta yadda kowane sashe ke lanƙwasa idan an danne shi, sannan kwamfuta ta warware su gaba ɗaya. Manhajoji irin su SAP2000 da STAAD.Pro a kan wannan dabara suka ginu, kuma sakamakonsu ne ke nuna kaurin kankare da yawan rodin da kowane wuri ke buƙata.

Sai dai kwamfuta abin da aka ba ta take lissafawa. Idan ba a yi gwajin ƙasa ba, ko aka rage yawan ruwan da ake tsammani domin kuɗin aiki ya sauka, za ta fitar da zane mai kyan gani a kan bayanan ƙarya. Idan kuma ɗan kwangila ya rage siminti ko rodi, lissafin da ke kan takarda bai da sauran amfani.

Abin da jama'a za su iya nema

Ana koyar da waɗannan darussa a sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Bayero, wadda sabon mazauninta ke kan wannan titi na Gwarzo, da kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Hukumar COREN, da aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma zanen gada ya kamata ya ɗauki hatimin injiniya mai rajista. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa ɗan ƙasa damar neman takardun aikin gwamnati, ta kuma ɗibar wa hukuma kwana bakwai ta amsa. Takardu huɗu ne suka fi muhimmanci: rahoton gwajin ƙasa, lissafin ambaliyar da aka yi zanen a kanta, sakamakon gwajin ƙarfin kankare na kwana 28, da suna da lambar rajistar injiniyan da ya sa hannu.