Daga Gizago Zuwa Zarto: Yadda Kafintocinmu Suka Koyi Duba Fuskar Katako

Sana'ar itace a ƙasar Hausa gida biyu ce, masassaƙa da kafintoci, kuma har yanzu kowa da hanyarsa. Masassaƙi ne ɗan gari. Shi da gungume yake aiki, gatari da gizago ne kayansa, kuma abin da yake tambayar itace shi ne: me za ka iya ɗauka? Kirya ta tafi turmi da taɓarya saboda taurinta, abin da ya rage maƙera su yi gawayi da shi. Aduwa ta tafi allon makaranta. Giginya a tsaga ta azara a yi rufin soro, don gara ba ta cika damunta ba. Madaci da kawo da madobiya kowanne an san inda yake shiga. Ilimi ne mai zurfi, amma na ƙarfi da juriya. Kyan da ke cikin itacen bai dami kowa ba, shi ya sa ake sassaƙa akushi a baƙanta shi, in ana son ado a zana shi da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi.

Ba laifinsu ba ne. Zanen da ke cikin itace ba ya fitowa sosai sai an tsaga gungumen an fitar da falanki mai faɗi, an goge shi ya yi sumul. Gizago ba ya yin wannan aiki.

Falanki a jirgin ƙasa ya zo mana da yawa. Bayan dogo ya iso Kano a 1911, katakon dazuzzukan Kudu ya fara hawowa: iroko, mahogani, afara, obeche mara nauyi, daga baya kuma falle-fallen da kamfanin AT&P ke yi a garin Sapele bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ma'aikatar ayyuka ta Turawa da makarantun koyon sana'a su suka yaye kafintocin farko, tare da 'yan Kudu da suka kafa shaguna a Sabon Gari. Iyayen gidanmu a wannan sana'a daga hannun waɗannan suka fito, kuma abin da aka koya musu shi ne ƙofa, taga, bencin makaranta da teburin ofis. A irin wannan aiki falanki mai miƙaƙƙiyar jijiya ake so. Wanda ya zo da murɗe-murɗe, wanda in ka kai masa abin kankara sai ya yi ta tsattsagewa, sunansa katako mai taurin kai. A jefa shi bayan kabad inda ba mai gani, ko a cike ramukan a shafe da fenti.

Abin da aka daɗe ba a lura ba shi ne, taurin kan nan shi ne adon. Madaci, da danginsa na Kudu irin su sapele, suna girma ne da murɗa: wasu shekaru jijiyar ta karkata dama, wasu ta koma hagu. In aka tsaga gungumen daga tsakiya zuwa gefe, sai layuka su fito a jere, ɗaya mai haske ɗaya mai duhu, in ka juya falankin mai hasken ya koma duhu. Inda kututture ya rabu biyu ya yi gwafa, jijiyoyin rassan suna cakuɗewa su ba da zane kamar gashin zakara. Ƙululun da ke fitowa a jikin wasu bishiyoyi kuwa cike yake da ƙananan idanu. Akwai kuma wanda jijiyarsa ke tafiya da lanƙwasa ƙanana, sai ka ga layuka sun gitta falankin a kwance. Duk wannan Turawan da ke sayen gungume a Sapele sun san shi, suna ware irinsa su yanka falle-falle siriri su manna a kan kayan ɗaki masu tsada. Mu nan muna cike shi da fenti.

Sai zamanin fomeka ya zo ya ƙara binne maganar. Gadon amarya da kabad ɗinta suka koma katako mai arha an lulluɓe shi da leda mai hoton katako. Ni a ganina ba abin da ya kashe idon kafintan Arewa kamar wannan zamani, domin yaro zai gama koyon aiki bai taɓa tsayawa ya dubi fuskar falanki ba. Me zai duba, tunda rufewa za a yi?

Waɗanda suka tashe mu daga barci baƙi ne, kuma tashin bai yi daɗi ba. A ƙasar Sin akwai tsohuwar al'adar kujeru da gadaje na jan katako mai nauyi, irin na zamanin daulolin Ming da Qing. A shekarar 2000 hukumominsu suka fitar da jerin itatuwa 33 da suka cancanci a kira su jan katako, madobiyarmu tana ciki. Da na dazuzzukan Asiya suka yi ƙasa, 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma: Gambiya da Senegal, Ghana, Benin, sannan Najeriya. Daga wajajen 2014 injin yankan itace ya cika dazukan Kogi da Taraba da Adamawa, tireloli suna lodi a Garba Chede suna nufar tashar jiragen ruwa ta Legas. A 2017 wata ƙungiyar bincike mai suna EIA ta ba da rahoton gungume fiye da miliyan 1.4 da aka fitar ba bisa ƙa'ida ba, kuɗinsu ya kai dala miliyan 300. Tun a 2016 madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, a 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya, a 2022 kuma madaci da kawo suka bi ta cikin jerin. Makiyaya sun fi kowa jin wannan sara a jikinsu, don ganyen madobiya ne abincin shanu idan rani ya tsananta.

A lokacin ne kafintoci da yawa suka fara tambayar kansu, me baƙin nan suka gani? Wanda ya goge falankin madobiya ya shafa masa mai ya samu amsa: ciki ruwan zuma zuwa ja, da layuka masu duhu suna ratsa shi, gefe kuma fari-fari. A daji ma ba ta ɓuya. In an sari ɓawonta jan ruwa take fitarwa, kuma da rani, bayan ta zubar da ganye, takan rufe kanta da fure rawaya.

Yau in ka shiga 'yan katako a Na'ibawa, ko Panteka a Kaduna, za ka ga ɗaiɗaikun masu sana'a suna abin da iyayen gidanmu ba su yi ba. Mutum zai kankare tafin hannu ɗaya a jikin falanki, ya shafa ruwa ko ɗan kananzir, ya fito da shi rana yana karkata shi. Zanen da ya tsaya cak launi ne kawai, yana da kyau amma ba shi ake nema ba. Wanda ke motsi da haske, wannan a cikin jijiya yake. Sai a duba kaurin falankin ta gefe a ga ko lanƙwasar ta ratsa, domin injin goge katako mai dakusasshen baki shi ma yana barin layuka a kwance da ke ruɗin sabon shiga, su kuwa sanfefa na taɓa su sun tafi. Wurin da injin ya tsattsage ma shaida ne. Mai sayarwa zai rage maka kuɗi a kansa, alhali nan dukiyar take.

Inda ake yawan yin ɓarna shi ne wajen zaɓar aikin. Wani na samun falanki mai ado sai ya ce kujera zai yi da shi gaba ɗaya. Kuskure ne. Inda jijiya ta lanƙwashe, nan ƙarfin itace ya ragu, don haka ƙafar kujera, sandar gado da duk abin da zai ɗauki nauyi, miƙaƙƙen katako ne nasu. Mai ado wurinsa inda ido ke sauka kuma nauyi ba ya hawa: allon kan gado, cikin ƙyauren ƙofa, murfin akwati, saman ƙaramin tebur. Na gwafa ya fi kowanne rigima, yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu ta kowace fuska, saboda haka a yanka shi siriri, a zaunar da shi cikin firam ba tare da an ɗaure shi da gam ko ƙusa ta ko'ina ba. In kauri ya isa, a tsaga shi biyu a buɗe, zanen dama ya dubi na hagu. Kuma abu ɗaya ya isa ya yi magana a jikin kaya. Kabad ɗin da kowane ɓangarensa ke da nasa zanen gajiyar da ido yake yi.

Bushewa kuwa ba a yi mata gaggawa. Katakon Kudu da ɗanyensa yake isowa, iskar hunturun Kano kuma ba ta da tausayi. A shafe bakin falankin biyu da tsohon fenti, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, a ɗora nauyi a sama, a bar shi ya ga damina ya ga rani kafin a taɓa shi.

Masu lodin madobiya miƙaƙƙen gungume suke so, wanda za a daddatse shi kusurwa huɗu ya shiga kwantena. Gwafa da kututturen ƙasa, inda zanen ya fi yawa, a daji suka bar su, kuma yawancinsu buhun gawayi suke ƙarewa. Kafintan da ke da ɗan'uwa a wajajen Bali ko Takum, gara ya aika a tambayo masa kafin masu gawayi su riga shi.