Yadda shafin farko ya samu tasa dokar

Tun zamanin da, ma'aikatan maɗaba'a ba sa ɗaukar shafin farko daidai da sauran. A kan bar masa fili mai yawa a sama, a sauko da take ƙasa kaɗan, lambar shafi kuwa ba a sa masa. Da intanet ta zo sai wannan al'ada ta rasa wurin zama, domin rubutun da ke kan allo tamkar tabarma ce da ake ta warwarewa, babu inda shafi ya ƙare balle wani ya soma.

A watan Oktoban 1994, Håkon Wium Lie, ɗan ƙasar Norway da ke aiki a cibiyar CERN kusa da Geneva, ya gabatar da shawarar CSS, wato a raba rubutu da adonsa. Bert Bos ya haɗa hannu da shi, ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta fitar da matakin farko na CSS a Disambar 1996. Allo aka fi sa wa ido a lokacin. Sai a CSS2, cikin Mayun 1998, takarda ta samu babinta: aka kawo dokar @page don tsara girman takarda da tazarar gefenta, aka ƙara :left da :right saboda littafin da za a ɗinke, sannan :first. Mai tsara shafi zai rubuta @page :first, ya ce tazarar sama ta kai santimita 10, firinta ta yi wa shafi na ɗaya kaɗai wannan gatan.

A rubuce ke nan. Masu ƙera burauza suka yi ta jan ƙafa, har da aka tace dokokin zuwa CSS 2.1, wanda aka kammala a 2011, aka cire zancen girman takarda, aka bar tazarar gefe kawai. A ganina ba wahalar aikin ce ta hana su ba. Kasuwarsu tana kan allo, wa zai damu da mai buga rasit?

Waɗanda suka riƙe abin da gaske 'yan gefe ne. Kamfanin YesLogic na Melbourne a Ostireliya ya fito da manhajar Prince a 2003, mai mayar da shafin intanet PDF. Da ita Lie da Bos suka tsara bugu na uku na littafinsu kan CSS a 2005, don nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Manhajar WeasyPrint mai irin wannan aikin ta biyo baya daga Faransa.

Manyan burauzoji sun iso a makare. Sai a Nuwamban 2024 Chrome 131 ta amince da akwatunan gefen shafi guda 16, inda ake sa lambar shafi da take, a kuma share su daga shafin farko. Safari kuwa sai a Disambar shekarar ta karɓi @page ɗin kanta, shekara 26 bayan rubuta ta.