Kipande: yadda ofishin gunduma ya mayar da manomin Kenya lebura

A shekarar 1909 gwamnatin Birtaniya ta ɗauke gwamnan Arewacin Nijeriya, Percy Girouard, ta tura shi Nairobi ya riƙe ƙasar da daga baya, a 1920, aka raɗa wa suna Kenya. Girouard injiniyan layin dogo ne ɗan asalin Kanada, kuma a zamaninsa aka fara shimfiɗa layin Baro zuwa Kano. Shi ne ya tayar da maganar mallakar ƙasa a Arewa, maganar da ta haifar da dokar 1910 wadda ta ce ƙasar ta 'yan ƙasa ce, gwamna riƙon amana kawai yake yi musu. Wannan doka tana cikin dalilan da suka sa ba a yanka wa Turawa manyan gonaki a ƙasar Kano ko Zazzau ba. Amma shekara biyu da saukar Girouard a Nairobi, a ƙarƙashinsa aka fara kwashe Masai da shanunsu daga makiyayar Laikipia ana kora su kudu don a ba Turawa manoma wurin, alhali yarjejeniyar 1904 ta yi musu alkawarin ba za a sake tayar da su ba. Da Landan ta gane cewa ya ɓoye mata alkawarin filayen da aka riga aka yi wa Turawan, sai ya ajiye aiki a 1912.

Ba hali mutumin ya canja a cikin jirgin ruwa ba, wurin ne ya bambanta. A Zungeru, Bature ma'aikaci ne: ya zo, ya cika wa'adinsa, ya koma gida ya ci fansho. A Nairobi kuwa akwai wani Baturen daban, ɗan kama-wuri-zauna, wanda ya zo da iyalinsa, ya karɓi fili, ya ci bashin banki ya kafa gona, yana kuma nufin jikokinsa su gaje ta. Bukatar wannan mutum ita ta sauya ma'anar kusan kowane ƙaramin aikin ofis a Kenya, tun daga rasit ɗin haraji har zuwa lasin noman gahawa.

Asalin lamarin layin dogo ne. An fara shi daga Mombasa a 1896, ya isa bakin tafkin Victoria a 1901, ya cinye fam miliyan biyar da ɗoriya na baitulmalin Birtaniya, ga shi kuma babu kayan da zai riƙa ɗauka ya biya kansa. Kwamishinan lokacin, Charles Eliot, ya ga mafita ita ce a gayyato Turawa su noma tsaunukan da layin ya ratsa, inda akwai sanyi da ruwan sama da ƙasa mai albarka. Dokar 1902 ta ba su hayar fili ta shekara 99. Ba su gamsu ba. Dokar 1915 ta mayar da ita shekara 999, ta kuma sanya har filayen da 'yan ƙasa ke zaune a kai cikin ƙasar Sarkin Ingila. A 1921 babban alƙali Barth ya fassara wannan a fili: ɗan ƙasa ba shi da mallaka a gonar kakansa, zaman alfarma yake yi.

Sai dai fili ba ya noma kansa. Baturen da ya mallaki eka dubu yana bukatar hannaye masu yawa, kuma masu araha. Manomin Kikuyu ko Luo ko Kamba kuwa yana da gonarsa da awakinsa, ba shi da dalilin barin gida ya je ya yi wa wani aiki a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Aikin yau da kullum na gwamnatin Kenya, na tsawon shekaru kusan hamsin, shi ne samar masa da wannan dalilin.

Matakin farko haraji ne. A 1901 aka kafa harajin ɗaki, wato kowace bukka da kuɗinta, don haka mai mata uku sau uku zai biya. A 1910, zamanin Girouard, aka ƙara da kuɗin kai, don a kamo samarin da ba su gina ɗaki ba. Mu ma mun san haraji da jangali, amma akwai bambanci mai muhimmanci. Bakano yana iya noma gyaɗa ya kai wa ɗan kamasho ya biya harajinsa bai bar ƙauyensu ba. Gwamnati ma abin da take so ke nan. A Kenya, amfanin gonar da ya fi kawo kuɗi shi ne gahawa, kuma an toshe wa 'yan ƙasa hanyar nomansa ta hanyar rajista da lasin. Hujjar da ake bayarwa ita ce wai gonakinsu za su yaɗa cuta su kuma ɓata darajar gahawan Kenya. Hujjar da ba a cika rubutawa ba ita ce, wanda ya samu kuɗi a gonarsa ba zai fito ƙwadago ba. Sai a shekarun 1930 aka ɗan sassauta a yankunan da ke nesa da gonakin Turawa irin su Kisii da Meru, ba a kuma buɗe ƙofar sosai ba sai a 1954.

Su kuwa Turawan, da aka ɗora musu harajin kuɗin shiga bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai suka yi tsaye suka ƙi biya, aka soke shi a 1922. Bai dawo ba sai 1937.

Wa ke karɓar harajin? Ƙasar an raba ta larduna da gundumomi. Kowace gunduma tana da Disi, kwatankwacin Di'o a wajenmu, yana zaune a hedikwatar da ake kira boma tare da mataimaki ɗaya ko biyu, da akawu, da tafinta, da masu ƙirga bukkoki, da 'yan doka. Shi ne mai karɓar haraji, shi ne alƙali, shi ne mai kula da kurkuku da hanya da kasuwa. Yakan fita rangadi ya kafa tebur a gindin bishiya ya tara jama'a, taron da ake kira baraza. Abin da ba shi da shi shi ne sarki. A Arewa Turawa sun tarar da sarakuna da alƙalai da hakimai da dagatai, suka hau kansu suka kafa En'e. Yawancin al'ummomin tsakiyar Kenya majalisar dattawa ke tafiyar da su, ba su da mutum ɗaya mai yanke hukunci. Sai gwamnati ta ƙirƙiri nata hakiman da dokar 1902 da ta 1912. Kinyanjui wa Gathirimu, wanda ya zama babban hakimi a kudancin ƙasar Kikuyu, ya fara ne da yi wa ayarin Turawa hidima. Irin wannan hakimi ba shi da gidan sarauta da zai kare mutuncinsa, ba shi da masu zaɓen sarki da zai ji tsoro. Albashi yake ci, kuma ma'aunin ƙwazonsa biyu ne: harajin da ya tara da leburorin da ya fitar.

Fitar da lebura abu ɗaya ne, riƙe shi wani abu ne. Tun 1906 dokar ubangida da bara ta mayar da barin aiki kafin cikar wa'adi laifin da ake ɗaure mutum a kansa, ba saɓanin ciniki da za a sasanta ba. Amma yaya za a kama wanda ya gudu, in ya canja suna ya tafi wata gona? Amsar ita ce kipande. An kafa dokar a 1915, aka fara aiki da ita sosai a 1920. Duk namiji ɗan ƙasa da ya kai kimanin shekara 15 dole ya yi rajista. Ana rubuta sunansa da na mahaifinsa, da ƙabilarsa, da gundumarsa, da hakiminsa, a ɗauki zanen yatsunsa a ajiye kwafi a babban ofishi a Nairobi. Takardar ana naɗe ta a cikin wani ɗan gwangwanin ƙarfe, a rataya a wuya da igiya. Kikuyu suka sa mata suna mbugi, wato ƙararrawar da ake ɗaura wa akuya.

Abin lura yana cikin layukan da ke ƙasan takardar. Ranar da mutum ya kama aiki, ubangida zai rubuta kwanan wata da albashi ya sa hannu. Ranar da ya bari, sai ubangidan ya sake sa hannun sallama. In babu wannan hannu na biyu, babu wanda zai ɗauke shi aiki bisa doka, kuma duk ɗan sandan da ya tare shi a hanya ya buɗe gwangwanin zai gane gudowa ya yi. Ke nan ubangidan da ke dukan ma'aikatansa, ko yake riƙe musu albashi, shi ke riƙe da mabuɗin fitarsu. Sannan tunda an rubuta albashin baya, sabon ubangida ba shi da dalilin ƙarawa. Takarda guda ta hana lebura tafiya, ta kuma hana shi ciniki. A ganina, babu wata doka a tarihin Kenya da ta yi wa Turawa manoma hidima kamar wannan ɗan gwangwani, kuma ba soja ne ke tafiyar da shi ba, akawu ne da tawada.

A watan Oktoba na 1919 gwamna Edward Northey ya fitar da takardar umarni ga jami'an gunduma da hakimai cewa su yi amfani da duk wani tasirin da doka ta yarda da shi su sa maza, har da mata da yara a gonakin kusa, su fita aiki. A takarda ƙarfafa gwiwa ake nufi. A ƙauye kuwa, idan umarni ya bi ta hannun hakimin da aikinsa ya rataya a kan adadi, kowa ya san yadda yake ƙarewa. Limaman mishan sun koka, maganar ta kai majalisar Birtaniya, har a 1921 Winston Churchill, yana sakataren ƙasashen mulkin mallaka, ya hana jami'an gwamnati nemo wa masu zaman kansu leburori. Aikin tilas na gwamnati kuwa ya ci gaba. Kada mu ɗauka mu aka tsallake: a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu an tilasta wa dubban talakawan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos. Bambancin shi ne a Kenya matsin ba na lokacin yaƙi ba ne, shi ne tsarin.

A 1921 abubuwa suka haɗu: haraji ya haura zuwa sule 16, Turawa manoma suka haɗa baki za su zaftare kashi ɗaya cikin uku na albashi, ga kipande a wuya. Wanda ya jagoranci ƙorafi, Harry Thuku, ma'aikaci ne a baitulmalin gwamnati, wato ɗan cikin ofis da ya san inda takardun ke tafiya. An kama shi ranar 14 ga Maris 1922. Bayan kwana biyu 'yan sanda suka buɗe wuta a kan taron da ya yi cincirindo a ofishinsu na Nairobi. Gwamnati ta ce mutum 21 suka mutu, shaidu suka ce sun fi haka nesa ba kusa ba. Cikin waɗanda suka faɗi akwai Mary Muthoni Nyanjiru, wadda ta zuga mazan da su je su fito da shi. An rage harajin zuwa sule 12. Kipande bai motsa ba.

Ba adalci ba ne a ce duk jami'an sun ji daɗin wannan aiki. Da yawansu suna ɗaukar kansu iyayen talakawan gundumarsu, kuma sun tsani a mayar da su dillalan leburori. Likita Norman Leys ya taimaka wa Masai da shawara har suka kai ƙara kotu, aka ɗauke shi daga ƙasar. Kotun kuma ta kori ƙarar a 1913 da hujjar cewa yarjejeniyar tsakanin ƙasa da ƙasa ce, ba ta da hurumi a kai. Matsalar jami'in ita ce iyayengiji biyu gare shi. Landan ta rubuta a 1923 cewa muradin 'yan ƙasa shi ne a gaba. Amma Landan tana nesa, Lord Delamere da jama'arsa kuwa suna nan kusa, suna da zaɓaɓɓun wakilai 11 a majalisar dokoki tun 1920, suna cikin kwamitocin kuɗi da na filaye, suna shan shayi da gwamna. Baƙar fata na farko, Eliud Mathu, bai shiga majalisar ba sai 1944, shi ma naɗa shi aka yi. Da aka gano zinariya a Kakamega a farkon shekarun 1930, a cikin yankin da dokar 1930 ta keɓe wa 'yan ƙasa, gyara dokar aka yi a 1932 don masu haƙa su shiga.

Inda abin ya fi muni shi ne inda aka miƙa wa Turawan ikon ofis kai tsaye. Dubban iyalan Kikuyu sun koma zama a gonakin Turawa a yankin Rift Valley, ana ba su ɗan fili da wurin kiwo su kuma yi aiki. Dokar 1918 ta sa aikin kwana 180 a shekara. Dokar 1937 ta ba da damar kai shi 270, ta kuma ba majalisun gunduma, waɗanda Turawa manoma ke cike da su, ikon ƙayyade dabbobin da mazaunin zai ajiye. Suka yi ta ragewa har wasu wuraren suka hana shanu da awaki ɗungurungum. Ga mutumin da akuya ce sadakinsa, ita ce asusunsa, wannan talautarwa ce da sa hannun hukuma. Daga cikin waɗannan iyalai, musamman waɗanda aka tsugunar a Olenguruone aka kuma sake kora, rantsuwar da ta zama ginshiƙin Mau Mau ta yaɗu. Ƙidayar 1948 ta nuna Turawa kusan 30,000 ne, 'yan ƙasa sun haura miliyan biyar.

A 1947 an yi sabuwar dokar rajista da ta shafi kowane jinsi, aka raba katin shaida da tarihin aiki. Turawan suka tayar da ƙura, suna cewa ɗaukar zanen yatsa cin mutunci ne, abin da ake yi wa ɓarayi, bayan sun shafe kusan shekara talatin suna duba na ma'aikatansu. Sassaucin bai daɗe ba. Da aka kafa dokar ta-ɓaci a Oktoba 1952, aka ƙirƙiro wa Kikuyu da Embu da Meru wani littafin izinin tafiya na musamman, aka ƙara yawan jami'ai da hakimai, aka tattara mutane fiye da miliyan ɗaya cikin ƙauyukan da aka killace. Tantance wanda za a tsare da wanda za a saka ya zama aikin fayil da fom.

Fayilolin su ma suna da nasu labarin. Gab da samun 'yanci a Disamba 1963 an ƙone wasu, aka kwashe wasu zuwa Ingila aka ɓoye a Hanslope Park. Sai a 2011, bayan wasu tsofaffin 'yan Kenya sun shigar da ƙara a Landan, gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa tana riƙe da fayilolin Kenya kimanin 1,500. A 2013 ta amince ta biya mutum 5,228 diyya, wadda haɗe da kuɗin shari'a ta kai fam miliyan 19.9. A gida kuwa Jomo Kenyatta bai rusa tsarin larduna da Disi da hakimai ba, ya mayar da shi ƙarƙashin ofishin shugaban ƙasa, haka Daniel arap Moi ya gaje shi, sai kundin tsarin mulki na 2010 ya umarci a sake masa fasali. Hakimin Kenya har yau ma'aikacin gwamnati ne mai sanye da kaki, kuma katin shaidar ɗan ƙasa, wanda aka fara ba mata a ƙarshen shekarun 1970, mutane da yawa kipande suke ce masa.