Farin 1973: Akuyar Makiyayi ko Hayaƙin Turai?

Wannan makon tarihi za mu ɗan taɓa.

Duk wanda ya tashi a Arewa ya sha jin cewa mu muka jawo wa kanmu fari: mun sare itatuwa, mun ƙone daji, dabbobinmu sun cinye ciyawa, sai ruwan sama ya ɗauke. Haka aka koya mana a firamare, ni kaina na taɓa sa wannan magana a bakin wani dattijo cikin gajeren labarina ba tare da na tambayi daga ina ta samo asali ba. Ashe zancen yana da tarihi, kuma akwai siyasa a cikinsa.

A 1934 wani Bature masanin daji mai suna Stebbing, malami a Jami'ar Edinbara, ya zagaya Arewacin Najeriya da Nijar. Da ya koma gida ya yi rubutu a 1935 cewa Sahara na tunkaro mu, har Kano ba ta tsira ba, kuma laifin na manoma da makiyaya ne. Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya bi iyakar ƙasashen biyu a 1936 zuwa 1937. Kwamitin ya ce bai ga wannan kwararowar hamada da ake faɗa ba. Amma magana zarar bunu ce, rahoton kwamitin ya kwanta a ofis, zargin kuwa ya ci gaba da yawo.

Sai ga babban farin da ya fara a 1968, ya tsananta a 1973. Garkunan shanu suka ƙare, mutane suka yi ta ƙaura zuwa birane. A Nijar, yadda aka yi da abincin agaji na cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kountche ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilun 1974. Duniya ta shiga tambaya: me ya kawo wannan bala'i?

A 1975 wani fitaccen masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya ba da amsar da ta yi wa mutane da yawa daɗi. Ya ce idan dabbobi suka cinye ciyawa, ƙasa takan zama fara fat, sai ta riƙa mayar da hasken rana sama maimakon ta sha zafinsa. Iskar da ke kanta ba za ta tashi ta haɗa hadari ba, sai ruwa ya ragu, ciyawa ta ƙara mutuwa. Shi dai hasashe ya yi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taronta kan kwararowar hamada a Nairobi a 1977, an riga an yanke hukunci: akuyar makiyayi da gatarin mai neman itacen girki su ne masu laifi.

A nan nake so mu tsaya. A 1986 masana daga hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, ƙarƙashin Chris Folland, suka nuna cewa daminarmu tana tafiya ne da zafin ruwan teku. Idan tekunan arewacin duniya suka yi sanyi, na kudu suka yi ɗumi, sai iskar da ke kawo mana damina ta kasa hawowa arewa yadda ta saba. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba kwamfuta lissafin zafin tekuna na shekara saba'in, ba su sa ko akuya ɗaya a lissafin ba, sai ga farin ya fito a daidai shekarun da aka yi shi. Wasu binciken kuma suka nuna cewa hayaƙin masana'antu da tashoshin lantarki masu ƙona kwal a Turai da Amurka, wanda ke tare hasken rana, ya taimaka wajen sanyaya arewacin Tekun Atlantika. Har yau masana na muhawara kan kason hayaƙin da kason juyin da teku ke yi don kansa, amma an daina ɗora wa makiyayi babban laifin.

Kada a fahimce ni baibai. Sare itace barkatai yana kashe gona, iska ta kwashe ƙasa, wannan kowane manomi ya sani. Abin da nake cewa, ba shi ya hana ruwa sauka daga Senegal har Sudan a lokaci guda ba.

To ina ruwan wannan da tarukan ɗumamar yanayi na yau? Wanda aka ɗora wa laifi shi zai biya. Idan laifinka ne, abin da za a ba ka sadaka ce, haɗe da nasiha. Idan na wani ne, sunansa diyya. Tun 1991 ƙasar Vanuatu, a madadin ƙananan tsibirai, ta nemi a kafa asusun biyan asarar da ɗumamar yanayi ke jawowa. Manyan ƙasashe suka yi ta jan ƙafa. A taron Faris na 2015 an yarda a ambaci asarar, amma Amurka ta dage aka rubuta cewa hakan ba ya nufin wani ya ɗauki alhaki ko zai biya diyya. Ku lura, Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya.

Sai a 2022, a Sharm el-Sheikh ta Masar, aka amince a kafa asusun, shekara 31 bayan roƙon Vanuatu, kuma a shekarar da ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya. A taron Dubai na 2023 aka yi alƙawarin kuɗi kimanin dala miliyan 700. Jamus da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kowacce ta ce za ta ba da miliyan 100. Amurka ta ce miliyan 17.5, sannan a 2025 ta janye daga hukumar da ke kula da asusun.