Labarin Alhaji Umaru na Salaga da Fa'idar Tafiya

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya sanya hanyoyi a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya kai almajiri mai neman sani, da kai falke mai neman halali, ka sani magabata sun ce tafiya mabuɗin ilmi ce. To, mabuɗi kuwa sai an murɗa shi ƙofa take buɗewa. Mutane da yawa sun taka ƙasashe sun komo yadda suka fita, sai kaushin ƙafa. Ga labarin wanda ya murɗa mabuɗin, domin ka ɗauki izina.

Ka sani a ƙarni na 19 babbar hanyar fataken Hausa ita ce hanyar Gwanja. Ayari yakan tashi daga Kano ko Sakkwato da rani, madugu yana shugabanta, jagaba yana gaba, jakuna ɗauke da kanwa da baƙaƙen rini da jar fata. Su ƙetare Kwara da fito, su ratsa ƙasar Bargu suna biyan sarakuna kuɗin hanya, suna tsoron 'yan fashi, su yi watanni kafin su sauka Salaga, garin da ya shahara da yawan rijiyoyi. Can goron kurmin Asante yake tarar da su. Su ɗaure shi huhu-huhu cikin ganye, su juyo gida suna kwancewa a zango, suna yayyafa ruwa, suna tsince wanda sankara ta kama don kada ya ɓata sauran. Kada kuma a ɓoye maka, Salaga kasuwar bayi ce a wancan zamani, mutane ake sayarwa a cikinta kamar yadda ake sayar da shanu.

A cikin gidan irin waɗannan fatake aka haifi Umaru ɗan Abubakar, a Kano, wajen shekarar 1858. Asalin iyayensa Kabawa ne. Ya sauke Alƙur'ani, ya nemi ilmi a ƙasar Sakkwato, yana kuma bin ayari zuwa ƙasashen yamma, inda ya ga Zabarmawa da Gurmawa da Mosawa, ya ji harsunan da ba a ji a Kurmi. Tun yana saurayi, a 1877, ya wallafa littafi da Larabci a kan yadda ake rubuta wasiƙa. Ka lura da wannan. Wanda bai bar gida ba ba ya sanin ƙimar wasiƙa. Shi kuwa ya ga falke yana bukatar aika wa maigidansa labari, baƙo yana bukatar takardar da za ta shigar da shi wurin sarki, sai ya mai da bukatar matafiya ta zama ilmi rubutacce.

Yana zaune a Salaga yana karantarwa yaƙin basasa ya tashi tsakanin 'ya'yan sarautar Gwanja a 1892. Kasuwa ta watse, baƙi suka yi ta ƙaura. Dama garin ya fara rauni tun 1874, shekarar da Ingilishi suka ƙone Kumasi, hanyar goro ta karkata zuwa Kintampo da wasu kasuwanni. Umaru ya gani da idonsa yadda birnin da ake yi wa tafiyar watanni ya koma kufai. Sai ya bi masu ƙaura zuwa Kete-Karachi a bakin kogin Volta, wadda ta shiga hannun Jamusawa, ya zama limamin Musulmin garin, ɗalibai suka riƙa zuwa masa daga nesa.

Yanzu ka saurara, nan ne zuciyar maganar take. A Salaga ya sadu da wani Bajamushe mai suna Krause, wanda Hausawa suke kira Malam Musa, a Kete kuma ya zauna da wani mai suna Mischlich, mai neman sanin Hausa. Suka yi ta tambayarsa abubuwan da Bakano ba ya tambayar ɗan'uwansa, domin kowa yana ganin ya san su: yaya ake noma, yaya ake rini, yaya ake aure da suna, wane ne yake sama da wane a fada. Sai Umaru ya ɗauki alƙalami ya rubuta da ajami labarin ƙasar Hausa, da sana'o'inta, da al'adunta, da tarihin Kabi ta kakanninsa. Dubban malamai sun zauna a Kano a zamaninsa, karofi yana bayan gidansu, kaɗan ne daga cikinsu ya faɗo wa rai su siffanta shi. Wanda ya yi nisa da gida, ya ga yadda wasu suke yi, shi ne ya gane cewa abin da ya saba da shi ma abin rubutawa ne. Har yau masu binciken tarihin Hausa suna komawa ga waɗannan takardu.

Tafiya ta kuma faɗaɗa masa zuciya. Ya koyar da Bajamushe Hausa ba tare da ya sayar da ra'ayinsa ba, gama ya yi waƙa a kan zuwan Nasara, yana lissafa garuruwan da suka ci ɗaya bayan ɗaya. Ya yi waƙar talauci da wadata, yana bayyana yadda ake wulaƙanta matalauci ko da yana da gaskiya, ake girmama mawadaci ko da ba shi da ita, abin da ya gani a kowace kasuwa da ya sauka. Ya fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa. Da girma ya zo masa ya tafi aikin hajji, ya komo Kete, ya rasu a can a 1934. Tsohon garin ma ruwa ya cinye shi bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, amma rubutunsa yana nan.

To, ya ɗan'uwa, na zaune bai ga gari ba, gaskiya ne. Sai dai jakin ayari ma ya je Gwanja. Idan ka sauka baƙon wuri, ka fara gaida mai masauki, ka koyi gaisuwar mutanen garin da harshensu, ka tambayi dalilin al'adarsu kafin ka yi mata dariya. Ka nemi malamin garin kamar yadda kake neman dillalinsa. Abin da ka gani da rana ka rubuta shi da dare, ko da layi biyu ne a bayan takardar lissafi, domin zuciya tana mantuwa. In ka komo, ka dubi garinku da idon baƙo, ka gode wa Allah a kan alherinsa, ka gyara abin da kake iya gyarawa.

Allah Ya jiƙan Alhaji Umaru, Ya kai matafiya lafiya, Ya komo da su da abin da ya fi riba. Tammat.